Motar shiga daji da ta daɗe a ajiye: a tashe ta a gida, a ja ta gareji, ko a sayar da ita haka nan?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, duk mai yawo a unguwannin Bauchi ya san motocin da aka jingine sun ƙaru, kuma manyan ne suka fi shan ajiya tunda su ne masu shan mai, Hilux ce, Land Cruiser ce, Pajero, Patrol, L200, har da ƴan ƙananan nan na cikin gona masu ƙafa huɗu irin su Polaris Ranger da Kawasaki Mule da wasu manyan manoma suka shigo da su. Masu shan gas ma ba su tsira ba dan shi gas ɗin tun 2022 ya riga ya yi sama. Toh yanzu ga shi mutum ya samu gona wajen Alkaleri ko Toro ko can ƙasan Dadin Kowa, hanyar ba ta ƙaramar mota ba ce, damina na ƙaratowa, sai hankalinsa ya koma kan waccan da ke bayan gida an lulluɓe ta da tamfol shekara ɗaya ko biyu ko fiye.

Hanya uku ce a gabanka ɗan uwa. Ko ka kira bakanike ya zo ya tashe ta nan inda take, ko ka nemi janwe a kai ta gareji a bi ta ɗaya bayan ɗaya, ko ka kira dillali ka rabu da ita yadda take ka ƙara kuɗi ka nemi wata. Kowacce akwai motar da ta dace da ita, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin mutane ba sa zaɓa, batir kawai suke arowa su ɗaura su murɗa ki, in injin ya yi wata irin ƙara sannan a fara tambayar yaya za a yi. Alhali ita wannan murɗawar ta farko ita ce ke iya mayar da gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke inji.

Dan haka kafin ka kashe ko sisi akwai dubawar da ba ta buƙatar kuɗi, kuma ita za ta gaya maka wace hanya ce taka. Na farko ka tuna tsakaninka da Allah me ya sa aka ajiye ta. Motar da aka shigo da ita da ƙafarta aka kashe saboda tsadar mai daban take da wadda aka turo ta saboda tana zafi ko tana hayaƙi aka ce sai an samu kuɗi. Ita ta biyun ciwonta na nan bai je ko ina ba, ajiyar ma ƙara masa ta yi. Sai kuma wajen da ta kwana, ƙarƙashin rumfa kan siminti ne ko gindin mangwaro kan ƙasa inda ruwan damina ke kwanciya ciyawa ta fito har ta taɓa cikinta. Danshin ƙasa shi ke cin sasi da bututun birki da salansa daga ƙasa, kai kana ganin fenti lafiya lau daga sama.

In za ka buɗe bonet dan Allah kar ka zura hannu kai tsaye. Ka bubbuga jikin motar da sanda, ka haska da tocila. Inda ɓera ya yi gida maciji na biyo shi, kuma mu nan yankin ba sai an gaya mana ba, asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo ba dan ado aka yi shi ba, kububuwa ba ta da girma amma kowa ya san aikinta. Bayan nan sai ka duba ɓarnar ɓerayen, sun fi son wayoyi da akwatin filtar iska da bayan dashbod, za ka ga kashinsu da ɓawon gyaɗa da tsummokara. Zanzaro shi ma yana gina ɗakinsa na laka a duk wani ƙaramin rami, har bakin salansa.

Sai ka zaro sandar gwada baƙin mai. In ka ga man baƙi ne ko ruwan zuma, da sauƙi. In ya koma kamar shayi mai madara ruwa ya shiga, in kuma ya haura alamar cika sosai yana warin fetur ko gas, wani abu na zuba a ciki. Ka buɗe marfin lagireto ka ga akwai ruwa ko babu, kuma wane kala. Sannan babban gwaji, wanda shi ne alƙalin duk maganar nan: a sa giya a firi, a ɗaura babban sifana a kan notin fulin da ke ƙasan gaban injin, a juya shi da hannu ta ɓangaren da agogo ke juyawa. In ya zagaya sau biyu cikakke, yana ɗan tauri yana saki, injinka na da rai. In ya cije ya ƙi motsi ko ya tafi rabi ya tsaya cak, kar wanda ya sa ƙarfi, kar kuma wanda ya ce bari a gwada da kik.

Yanzu hanya ta farko, tashinta a gida. Ni a ganina ita ce ta fi dacewa da motar da aka ajiye da lafiyarta, a inuwa, ba ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, injin ya juya da hannu, wayoyi ba su sha ɓera sosai ba. Amfaninta a fili yake, ba kuɗin janwe, komai a gabanka ake yi, kai ke sayo mai da filta da hannunka, ba wanda zai cire maka wani abu mai kyau ya mayar da gajiyayye. Matsalarta kuma ita ce bakaniken da aka kira gida sauri yake, ya bar aiki a gareji, burinsa ya ji ta tashi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kayan aikin da ya zo da su ma ƴan kaɗan ne a buhu a bayan mashin. In ba ka tsaya a kansa ba zai tsallake duk abin da ya kamata a fara yi. Shi ya sa tun a waya ka gaya masa, malam aikin yini ne ba na awa ɗaya ba, kuma kuɗin yini za ka biya shi.

Abin da ba a tsallakewa, na farko man da ke tanki. Fetur ba ya jure zama, cikin wata uku zuwa shida ya fara lalacewa, mai saurin kamawar ya tashi a iska musamman da irin zafinmu na Maris da Afrilu da ke kai maki 40, sauran ya yi kauri ya koma wani ja-ja mai danƙo mai warin tsohon fenti. Shi wannan danƙon ne ke toshe kafireta a tsofaffin motoci, a masu nozul kuma ya liƙe famfon da ke cikin tanki ya toshe nozul ɗin. Ƙara sabon fetur a kan tsohon ba ya wanke shi. A zuƙe shi duka, in ya wuce shekara ma a sauke tankin a wanke a shanya. Gas ya fi fetur haƙuri amma nasa ciwon ruwa ne, tankin da aka bari rabi yana yin gumi daga ciki, zafin rana sanyin dare, ruwan ya taru a ƙasa, a nan wani baƙin yauƙi ke tsirowa ya toshe filta. Motocin gas suna da ƴar mazubar ruwa a ƙasan filtar mai da ɗan famfon hannu a samanta, a tsiyaye, a canza filtar, a danna famfon har ya yi tauri iska ta fita.

Sai baƙin mai da filtarsa, a canza kafin a tayar, ba bayan an tayar ba. Na san akwai masu cewa a bari ta yi zafi tukuna man ya fi fita, wannan a motar da ke aiki kullum ne. Ita wannan duk man ya gangara ƙasa tun tuni, saman injin a bushe yake. A cire fulogi, in ta gas ce a cire hita, wato ƴan sandunan da ke ɗumama injin kafin ya tashi, a ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a ƙara juyawa da hannu, sannan a ɗaura batir a buga kik fulogin na waje, daƙiƙa 10 a huta, a sake, har fitilar mai da ke dashbod ta mutu. Wannan shi ne alamar man ya zagaya. In motar na da tabo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, wannan matakin ya zama dole ninki biyu, dan tabo a kan mai yake shawagi, in ya juya a bushe ya tafi kenan. Sai a mayar da fulogi a tayar, kuma in ta tashi kar a taka totur, a bar ta a silo tana ɗumama ana leƙa ƙasa ana kallon allurar zafi. Hayaƙin farko na man da aka ɗiga ne, zai wuce, wanda ya ƙi wucewa bayan ta yi zafi shi ne abin dubawa.

Abu biyu ne nake roƙon kar ka yarda a yi maka. Turi, da shaƙa wa motar gas fetur a hancinta dan ta yi saurin kamawa. Turi yana tayar da injin kafin mai ya kai ko ina, shi kuma fetur a injin gas mai hita yana iya fashewa kafin lokacinsa ya karya ringi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Batir kuwa kar ka sa rai. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna 12.6 a mita, wanda ya kwana shekara a mace farantansa sun riga sun daskare, ko ya karɓi caji yau gobe da safe babu. Ka sa sabo cikin lissafi a duk hanyar da ka zaɓa in dai ba sayarwa ba. In motar ta tashi a gwada a ga altanato na ba da wajen 13.8 zuwa 14.5. Kuma a kula wajen ɗaura wayoyin, juya kan batir sau ɗaya ya isa ya ƙona birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a motocin zamani.

Toh ga inda hanya ta farko take gazawa, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Injin ya tashi, kowa na murna, Alhaji ya shiga ya ja ta zuwa titi. Tashin inji rabin aiki ne. Birki fa? Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a canza shi duk shekara biyu ko da motar na aiki, a wadda ke zaune kuwa ruwan yana sa tsatsa a cikin silinda, robobin su bushe, ka taka yau ya kama gobe ya nutse har ƙasa. In an ja hanbirek aka bar ta a haka takalman baya sun manne da ganga. Kuloci shi ma yana mannewa, ka taka giya ta ƙi shiga. Waɗannan ana iya taɓa su a gida amma gaskiya aikin rami ne ko wajen da za a ɗaga motar a cire ƙafa huɗu a natse.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, gareji. Akwai motocin da ni ba zan ma tsaya shawara a kansu ba. Duk wadda injinta ya ƙi juyawa da hannu, duk wadda mai ya haɗu da ruwa, duk wadda ɓera ya ci wayoyinta da yawa, da wadda ta haura shekara biyu a waje. Sai kuma motocin gas na zamani. A nan bambancin injuna yana da muhimmanci ƙwarai. Tsohon injin 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser tun 1990, da 5L na tsofaffin Hilux, famfonsu mai haƙuri ne, in ka ba su gas mai tsabta da batir mai ƙarfi yawanci za su tashi. Amma 2KD da 1KD na Hilux ɗin da ake kira Vigo, da GD da suka zo daga 2015, suna tura gas da matsanancin ƙarfi ta ramukan da ido ba ya gani sosai, ɗigon ruwa ko tsatsa kaɗan ya isa ya kashe nozul, kuma kuɗin nozul huɗu sai ya sa ka manta da kuɗin janwe. Irin waɗannan a kai su wajen wanda ya san su yake da kwamfutar dubawa, a wanke tanki da layin mai gaba ɗaya kafin a murɗa ki.

Akwai kuma maganar taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin inji. 1HZ da 5L da KD duk bel suke amfani da shi, ana canza shi a kilomita dubu 100 zuwa 150 ya danganta da injin, amma roba ba kilomita kaɗai ke cinta ba har da shekaru da zafi. Bel ɗin da ya zauna a lanƙwashe waje ɗaya shekara biyu uku ba abin yarda ba ne ko da fitilarsa ba ta kama ba, in ya tsinke injin na gudu bawul da fistin za su gwabza. Masu Hilux ta fetur mai injin 2TR na lita 2.7 sun huta da wannan dan sarƙa ce a ciki, shi ya sa ma ita ta fi sauƙin tashi a gida in dai an wanke tanki.

Amfanin gareji shi ne akwai rami, akwai rewaya a kusa, akwai mai walda, mai faci na maƙwabtaka, masu sayar da kaya ba nisa. Abin da zai ɗauki bakaniken gida zuwa da komawa sau biyar a can yini ɗaya ne. Illarsa kuma kowa ya sani, motar da ta shiga gareji ba da ƙafarta ba tana iya ƙara wata shekarar a can. An kwance ta, kuɗi ya yanke, an tura ta gefe, yau an ari fiyus gobe an ari rile jibi an ari kik wai za a gwada a wata motar. Ba duk masu gareji ne haka ba, akwai masu amana sosai, amma tsarin ne yake jawo hakan in mai mota ya ɓace. Dan haka shawarata kar ka kai ta sai kuɗin matakin farko na hannunka, ka ɗauki hoton cikin bonet da ƙasan motar da wayarka kafin ta bar gida, a rubuta abin da za a yi a takarda, duk abin da aka cire a ba ka tsohon, kuma ka riƙa leƙawa. Kayan gyaran Toyota ana samu a Bauchi da Gombe, wanda babu a aiko daga Jos ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A kan taimin bel da kayan birki da filtar gas kar ka bi araha, araha ba ta ado.

Yadda za a kai ta ma abin lura ne. Jan igiya da aka saba yana da haɗari a nan, tunda injin a kashe birki ba shi da iskar da ke taimaka masa, sitiyari ya yi nauyi, ga birkin ma ba a tabbatar da shi ba, mota mai nauyin tan biyu a bayan wata cikin cunkoson Wunti ko Muda Lawal ba wasa ba ne. In otomatik ce kuma jan ta da nisa ƙafafu a ƙasa yana ƙona giyabos saboda famfon man ba ya juyawa. A ɗora ta a kan janwe mai shimfiɗa, in babu a kwance farfela.

Hanya ta uku, sayarwa. Mutane na jin kunyarta kamar gazawa ce, ni kuwa akwai inda nake ganin ita ce hankali. In ka shiga ƙasan motar ka daki sasi da guduma ka ji yana zubo da ɓawon tsatsa ko ya huje kusa da inda sifirin ke kamawa, wannan motar ba ta ɗaukar buhun taki a hanyar Ningi ko hawan Tula ba ce kuma, walda ba ta mayar da ƙarfin sasi yadda yake. Haka in injin ya cije kuma motar irin wadda kayanta ke wuya ce. Haka in kai kanka ka san dalilin da ya sa ka ajiye ta bai gushe ba, wato ko an gyara ba ka da halin zuba mata mai, toh gyaran na mene ne, bayan wata shida za ta koma gindin mangwaron.

Sai dai ka san mai sayen motar da ba ta tashi cinikin biri a sama yake yi, dan haka farashin mataccen inji zai ba ka ko da injinka lafiya lau ne, wasu ma lissafin ƴan gwangwan za su yi maka, nawa inji nawa giyabos nawa aksul nawa ƙarfe. Shi ya sa in injin ya juya da hannu, ko da niyyarka sayarwa ce, ka yi matakin gida na wanke tanki da canza mai a aro batir a tashe ta, bambancin kuɗin da za a taya motar da ke ruri da wadda ke shiru ya fi abin da ka kashe nesa ba kusa ba. Amma ka faɗi aibinta, ka ce ta yi shekara kaza a ajiye, birki da taya ba a taɓa ba. Addini ma bai yarda a ɓoye aibin kaya ba, balle wanda zai iya kashe mutum a hanya. Kuma kafin ka saki Hilux ko Land Cruiser mai lafiyayyen sasi ka je ka tambayi kuɗin irinta yau, tun da Naira ta faɗi a 2023 abin da ka sayar da wuya kuɗin ya sayo maka kamarsa.

Su kuma ƴan ƙananan na gona, Ranger da Mule da John Deere Gator da ire-irensu, lissafinsu ya ɗan bambanta. Tashinsu a gida ya fi sauƙi, injin ƙarami ne, tankin ƙarami, komai a fili, mai gyaran mashin ko janareto mai hankali zai iya wanke kafireta ko famfon mai. Yawancinsu ba giya irin ta mota gare su ba, wani faffaɗan bel ne tsakanin fuli biyu a cikin akwati, ɓera na son wannan akwatin, bel ɗin kuma yana bushewa ya ɗauki siffar inda ya zauna, dan haka a buɗe a share a duba kafin a tayar. A duba robobin da ke rufe gaɓoɓin aksul, in sun tsage ƙasa ta shiga. Matsalarsu kaya ne. Ba za ka shiga kasuwa a Gombe ka ce a ba ka bel ɗin Polaris a miƙo maka ba, sai an yi oda daga Legas ko waje an jira. Dan haka kai su gareji ba ya ƙara komai in garejin bai taɓa ganin irinsu ba, gara a yi a gona a gabanka, kafin a kwance komai kuma a tabbatar an samu inda za a sayo madadinsa. In babban abu ne ya lalace kamar inji ko giyabos, a nan sayarwa ga wanda ke da irinta yana neman kaya ta fi.

In ka tambaye ni wacce zan zaɓa wa yawancin masu Hilux da Land Cruiser da suka yi shekara ɗaya zuwa biyu, banda motocin gas na zamani da na ce a kai gareji, haɗawa zan yi. Matakin inji a gida a gabana, in ta tashi ta yi zafi ba yoyo, birki ya ɗan kama, sai a lallaɓa da ita da sassafe kafin titi ya cika zuwa gareji mafi kusa, a can a yi birki da bel da ƙasan mota. Ka ga ta shiga da ƙafarta, ba mai tura ta gefe, ba kuɗin janwe, kuma ka riga ka san injinka kafin wani ya ce maka sai an sauke.

A garejin kar a manta da abin da ya sa ake kiranta motar daji. Man aksul na gaba da na baya da na akwatin oksilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu duka su ja, a buɗe kowanne a gani, in fari-fari ne ruwa ya shiga tun ƙetaren rafin ƙarshe da aka yi kafin a ajiye ta, ya zauna yana cin boris. A zuba sabo mai lamba 80W-90 ko abin da littafin motar ya ce, a bi duk kan giris na farfela a cika. Lagireto a wanke, a canza tiyon da ya yi tauri ko ya kumbura, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ruwan rijiya zalla shi ke cinye famfon ruwa tun farko. Littafin Toyota ma cewa ya yi a riƙa tafiya da oksilari wajen kilomita 16 duk wata dan mai ya zagaya kayan gaba, toh ka auna wadda ta yi shekara biyu ba a sa ba. Masu liba sukan yi tauri su saki, masu maɓalli kuwa ƴar motar lantarkin da ke sa giyar ce ke maƙalewa fitila ta yi ta ƙiftawa. A gwada a kan ƙasa ko yashi, kar a gwada a kwalta, dan a irin su Hilux sa oksilari a kwalta yana ɗaure kayan ƙasa har ya fasa wani abu.

Taya kuma kar zanen ya ruɗe ka. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Jami'an kiyaye haɗura na ƙasa shekara huɗu suke lissafawa, kamfanonin taya kuma na cewa duk wadda ta kai 10 a cire ta ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Wadda ta zauna a sace rana na dukanta gefenta ya tsattsage, wayoyin ciki sun karye a inda ta lanƙwashe, za ta ɗauki iska a gida ta fashe a hanyar Darazo da kaya a baya. Har da safaya a duba, ita aka fi mantawa a ƙasan bodi.

Takardu su ma sun mutu tare da batir. Lasin mota na shekara ne, inshorar dole ta motar gida ta koma Naira dubu 15 daga dubu 5 tun Janairun 2023, a sabunta kafin a hau babban titi. Makon farko a yi ta zagaye cikin gari da ita ba kaya, kullum da safe a leƙa ƙasa a ga ko ta ɗiga, a duba mai da ruwa, dan sil ɗin da suka bushe sai sun yi zafi sun huce sau da yawa suke nuna halinsu. Motar gas a riƙe filta ɗaya a ajiye a cikin mota da sifanan cire ta, sauran dattin tanki sai an fara shiga gargada yake tasowa, kuma a sake canza baƙin mai da wuri bayan kamar kilomita dubu ɗaya kafin a koma lissafin da aka saba.